Keke Mai Lantarki Da Akwatin Gefe: Gwanin Keke Ma Sai Ya Koma Ɗan Koyo

DUK wanda ya sauka a Manila, babban birnin ƙasar Filifin, ba zai daɗe ba sai ya ga keke ko babur ɗauke da akwati a gefensa na dama, mai tayarsa ta daban, an zaunar da fasinja a ciki ko an loda kayan cefane. Mutanen can suna kiran na feda "padyak". A 'yan shekarun nan kuwa masu amfani da batir sun yawaita ƙwarai, hatsari ma ya yawaita tare da su, har ta kai a watan Afrilu na 2024 hukumomin birnin suka hana kekunan lantarki da masu ƙafa uku hawa manyan tituna, suka sa tarar peso 2,500 ga wanda ya keta dokar.

Dabarar dai ba sabuwa ba ce. Tun a 1893 wani hafsan sojan Faransa, Jean Bertoux, ya ci gasar da wata jarida ta shirya don neman hanyar ɗaukar fasinja a keke, da ya liƙa kujera mai taya ɗaya a gefe. Abin da ya ƙaru a yau shi ne injin lantarki. Tunda kuwa tsadar fetur ta sa mutanenmu sun fara waiwayar abin hawa mai caji tun bayan janye tallafi a 2023, ga masu walda kuma a kowace unguwa, ya kamata mai karatu ya san halin wannan abu tun kafin ya ɗora ɗansa a ciki.

Abu na farko shi ne, da zarar an ɗaure akwati a jikin keke, to, ya tashi daga keken da aka sani. Mai keke yakan sha kwana ne da karkata jikinsa, keken ya bi shi. Mai akwatin da aka ɗaure kam ba ya karkata. Sai an murɗa kansa da ƙarfin hannu, kamar sitiyarin mota. Saboda haka wanda ya shekara ashirin yana tuƙa keke ya fi sabon shiga haɗari a ranar farko, domin jikinsa zai yi abin da ya saba, keken kuwa ya miƙe da shi zuwa lambatu.

Halin Akwati

Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilu 1972, don haka a nan ma dama ce wurin akwati, watau ɓangaren bakin titi. Tayar akwatin ba ta da inji, galibi ba ta da birki. In aka ba keke wuta, akwatin yakan ja baya, kan keken ya fizgu dama. In aka kama birki kuwa, nauyin akwatin yakan ci gaba da tafiya, ya tura keken hagu, wajen motocin da ke tahowa. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa nan take, ba ƙara, ba gargaɗi, shi ya sa fizgar takan zo wa ɗan koyo ba zato.

Kwanar dama ita ce uwar haɗari. Nauyi yakan rinjaya waje, tayar akwati ta ɗaga sama, musamman in ba kowa a ciki. Wanda ya firgita a nan yakan miƙe kan keke gaba ɗaya ya faɗa hannun wasu. Maganin abin shi ne a rage gudu tun kafin a isa kwana, a jingina jiki wajen akwatin. In tayar ta ɗaga duk da haka, a saki wuta a hankali, za ta sauka. Kwanar hagu ta fi sauƙi, domin nauyi yana danne tayar akwati, amma wanda ya shige ta a guje ya danna birki da ƙarfi, tayar bayan keke tana iya ɗagawa ya kife ta kan akwatin.

Yadda Za A Koya

A nemi fili wanda ba mota, kamar filin ƙwallo. A sa buhun yashi a cikin akwati a maimakon mutum. A kashe injin, a yi ta zagaye da feda kawai, dama da hagu, sa'an nan a bi siffar lamba 8, har hannu ya saba. Bayan haka a kunna injin a mafi ƙanƙantar mataki, a gwada tashi da tsayawa sau da yawa. A jera duwatsu biyu a riƙa bi ta tsakaninsu, domin ɗan koyo yakan manta faɗinsa ya ƙaru, sai tayar akwati ta faɗa rami ko ta taka ƙafar mai tafiya. Sai duk wannan ya zauna kafin a fita titin unguwa, sai kuma titin unguwa ya zauna kafin a ɗauki rai.

Game da gudu, dokar Tarayyar Turai ta tsai da cewa injin keke irin wannan kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimakon mahayi in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Wannan ma ya yi wa mai akwati yawa a cikin gari. In gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki zai buƙata kafin a tsaya yakan ninka sau huɗu, ga kuma nauyin batir da akwati da fasinja duk a kan birkin da aka yi domin mutum ɗaya.

Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa-ƙasa, kusa da tayar akwati, a ɗaure. Kada a goya mutum a kariya alhali akwatin yana wofi. Yaro kuwa lalle ya sa hular kwano, a ɗaure shi da bel, a kuma rufe tayar yadda hannunsa ba zai kai gare ta ba. Kowace safiya a duba notunan da suka haɗa akwati da keke, domin gargada tana kwance su. In keken yana ja gefe ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, saitin tayar ne ya goce. A kai wa makaniki. Batir kuma a yi masa caji da cajarsa ta asali, kada a bar shi a wuta a kwanta barci, gama irin wannan batir in ya kama da wuta yana da wuyar kashewa.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. 'Yan kwanakin da magidanci zai yi yana zagaya fili da buhun yashi, yara suna yi masa dariya, ba hasara ba ne. Buhu in ya faɗi, ɗauka za a yi a mayar.