Aman jini: Zoben robar da ke ceton masu ciwon hanta

Idan magidanci ya fara aman jini cikin dare a Argungu ko Birnin Kebbi, olsa ake fara zargi, ko a ce sammu ne. Sau da yawa kuwa hantarsa ce ta daɗe da lalacewa ba a sani ba.

Jinin da ke tasowa daga hanji sai ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. Idan hantar ta ƙandare, sai ya rasa hanya kamar gulbin da aka datse, ya karkata zuwa ƙananan jijiyoyin da ke ƙasan maƙogwaro, dab da tumbi. Su yi ta kumbura har ɗaya ta fashe. Wani ma ba ya amai, sai dai bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta.

Ciwon hanta nau'in B ne kan gaba wajen jawo wannan. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da shi. Masunta da manoman shinkafa na fadamar Rima suna da ƙarin haɗari, domin tsargiyar hanji da ake ɗauka a ruwa ita ma tana toshe jijiyoyin hanta.

Aikin ba ya buƙatar tsaga ciki. Likita zai zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ya zuƙo jijiyar da ta kumbura, ya ɗaure ta da ɗan zoben roba. Bayan kwanaki sai wurin ya bushe, zoben ya fita da kansa. Ana so a yi shi cikin awa 12 da isa asibiti, bayan ƙarin jini da allurai. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, don haka gara dangi su tambaya tun daga asibitin farko: Birnin Kebbi za a nufa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato?

Inda aka fi yin sake shi ne bayan sallama. Jini ya tsaya, an koma gona, kuɗin mota ya yi wuya. Alhali zoben bai warkar da hanta ba. Sai an riƙa komawa duk mako 2 zuwa 4 har jijiyoyin su ƙare, ana shan magani irin su propranolol, a kuma guji diclofenac da ibuprofen na kemis. In an yi watsi da wannan, fiye da rabin marasa lafiyar kan sake zubar da jini cikin shekara biyu.