Daga Rariya Zuwa Lambatu: Inda Ruwan Kusugu Ke Maƙalewa

Duk shekara, da zarar hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina, NIHSA kuma ta jero ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa, sai kira ya koma guda: gwamnati ta gina magudanan ruwa. Mutanen jihar Katsina suna da hujja, domin ba su manta da ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya. Amma a tsofaffin unguwanni irin Kusugu ta birnin Daura, ruwan da ke kayar da katanga ba daga rafi yake tasowa ba. Daga indararo yake sauka, ya haɗu da na wanke-wanke a tsakar gida, ya nufi rariya, ya tarar lambatun bakin hanya ya fi shi tudu.

Duk sanda aka sabunta titi, ana ƙara masa ciko, gidan ƙasa kuwa yana nan inda kakanni suka kafa shi. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai rariya ta juya aiki, tana shigo da ruwan titi har ƙofar ɗaki.

Haɗa rariya da lambatu ba wuya gare shi ba, in dai lambatun bai fi gidan tudu ba. Bututu mai faɗin inci 4 ya isa, a ba shi gangare kamar inci 1 a kowane inci 40, ya shiga lambatu ta sama, ba ta gindi ba. A bakin rariya a yi ɗan rami mai murfin raga, inda yashi da leda da ƙanzon tuwo za su kwanta a riƙa kwashewa. Ruwan masai kuwa haramun ne ya bi ta nan.

Abin da ba a son tambaya shi ne: in ruwan ya shiga lambatu, ina za shi? Magabata sun san amsa. Ramin da suka haƙa suka ɗebi ƙasar tubali shi ne ya zama kududdufi, lunguna kuma suka gangara zuwa gare shi. Nan ruwan unguwa ke taruwa, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa da rani, saura ya tsotse ƙasa ya ciyar da rijiyoyi. A Daura, kamar Kano da Katsina, an cike kududdufai da dama da shara, aka yanka filaye aka yi gini. Abin takaici ne a ce garin da tarihinsa ya rataya a kan rijiyar Kusugu, wadda aka ce maciji ya hana mutane ɗiba sai ranar Juma'a kafin zuwan Bayajidda a zamanin Daurama, yau yana wasa da ruwan ƙarƙashin ƙasarsa. Baƙi na zuwa shan ruwan Kusugu don tabarruki, alhali kwatami da masai na unguwa duk cikin yashin nan ɗaya suke tsiyaya.

A da ma ana hana irin wannan ƙazanta: akwai duba-gari, wanda a zamanin En'e yake shiga gida ya leƙa randa, ya duba rariya, ya ci tarar mai ƙazanta. Tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ma ta yi ƙarfi ne a mulkin sojan ɗan garin nan, marigayi Muhammadu Buhari, tsakanin 1984 da 1985.

Ba a rasa kuɗi ba. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya ya zo da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Me zai hana a sa wa ɗan kwangilar titi sharaɗin barin ƙofa a jikin lambatu daidai rariyar kowane gida? Ƙaramar hukumar Daura da masu unguwanni su zagaya lungu-lungu tun watan Mayu, su rubuta gidajen da titi ya fi tudu da kududdufan da suka rage, su miƙa wa hakimi kafin ruwan Agusta.