Tafkin Madarunfa da Walimar Kindirmo ta Tibet: Yadda Girmama Wuri Ke Kare Shi

Duk wanda ya taɓa zuwa Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, a lokacin Maulidi ya san irin cikar da garin ke yi. Masu ziyara kan zo daga sassan Nijar da Najeriya, su zaga kaburburan da ke kewaye da tafki, waɗanda mutanen garin suka gada daga kakanni cewa na waliyyai 99 ne. Ana karatun Alƙur'ani, ana sadaka, 'yan kasuwa na baza haja, masunta na sayar da kifi. A 2006 Nijar ta sa tafkin da dajin da ke kusa da shi da waɗannan kaburbura cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta ɗauka a matsayin kayan tarihin duniya.

Can nahiyar Asiya, a tsaunukan Tibet da ke ƙarƙashin ƙasar Sin, mabiya addinin Buda ma suna da lokutan taruwarsu, kuma wasu daga cikin lokutan kan faɗo a watannin ɗumi. Lasa, babban birnin yankin, yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 3,650.

Ɗaya daga cikin bukukuwansu mafi shahara shi ne bikin Shoton, wato walimar kindirmo, wanda galibi kan zo a watan Agusta. Asalinsa, malaman Buda kan killace kansu a gidajen ibada tsawon makonni a lokacin damina, gudun kada su taka ƙwari da ƙananan halittun da ruwa ya fito da su. Ranar da suka fito, jama'a kan tarbe su da kindirmo. Da asubahin ranar farko ana shimfiɗa wani ƙaton ƙyalle mai hoton Buda a jikin dutsen gidan ibada na Direfun, wanda aka gina a 1416. Daga nan iyalai su ɗunguma zuwa lambun Norbulinka, su baje tabarmi, su sha shayi mai man shanu, suna kallon wasan gargajiya da ake kira Lamo.

Kafin shi akwai Saga Dawa, a wata na 4 na kalandarsu, inda suke tunawa da haihuwar Buda da rasuwarsa. A watan mutane da yawa kan ƙaurace wa nama, wasu su sayi dabbar da za a yanka su sake ta. Masu ƙarfi kan zaga dutsen Kailash a ƙafa, tafiyar kusan kilomita 52. Tafkuna irin su Manasarobar da Namtso kuwa masu alfarma ne a wurinsu, shi ya sa da yawansu ba sa kama kifin ciki.

Aƙidarmu da tasu hanyar jirgi daban ta mota daban, kuma ko a Maraɗi malamai sun sha bamban kan hukuncin ziyarar kaburburan waliyyai. Wannan fagen malamai ne. Abin lura a nan shi ne yadda girmama wuri ke hana hannu ɓarna. Mutumin Tibet da ke tsoron taka tururuwa ba zai zuba shara a tafkinsa ba.

Tafkin Madarunfa na buƙatar irin wannan kunya. Yashi da laka da ruwan damina ke kwasowa suna cike shi sannu a hankali, ana sare itatuwan da ke riƙe gaɓarsa domin girki, ga ledojin da taro ke bari. Alhali da shi masunta da masu lambun rani ke ci, makiyaya ke shayar da garke, tsuntsaye masu ƙaura ke yada zango.

Saboda haka mai zuwa ziyara bana ya tafi da buhun kwashe shararsa. Masunci ya bar raga mai ƙananan idanu domin 'ya'yan kifi su girma. Mai gona a bakin ruwa ya dasa itace kafin ya sare wani. Idan tafkin ya ƙafe, har masu ziyarar ma za su rasa inuwar zama da ruwan alwala.