Kowane Buhu da Wurinsa: Yadda Ake Tsara Wuraren Ajiya a Kwamfuta

Kayan agaji amana ne. Mai ba da buhun masara yana so ya ji cewa ya kai hannun gwauruwa ko ɗan gudun hijira. Littafin Farawa sura 41 ya nuna mana yadda Yusufu ya tara hatsin shekara 7 a biranen Masar, kowane birni da hatsin gonakin da ke kewaye da shi. Da yunwa ta zo, an san inda abinci yake.

A yau ƙungiyoyin agaji da yawa suna riƙe lissafinsu a manhajar da ake kira ERP, wadda ke haɗa saye, kuɗi da ajiya wuri ɗaya. Akwai SAP ta ƙasar Jamus, akwai kuma Odoo, wadda aka fara a Beljiyam a 2005. Kafin a shigar da ko buhu ɗaya, sai an fara gaya wa kwamfuta wuraren da ake ajiye kaya. Ga yadda ake yi.

Na farko, a ɗauki takarda a zaga sito da ƙafa. A rubuta kowane ɗaki da kowace kanta. Kada a buɗe wuri a kwamfuta wanda babu shi a ƙasa.

Na biyu, a jera wuraren daga babba zuwa ƙarami: sito, ɗaki, kanta. A ba kowanne gajeriyar lamba. A SAP lambar wurin ajiya ba ta wuce baƙaƙe 4, a Odoo kuwa gajeren sunan sito ba ya wuce 5. Sai a rubuta lambar nan da fenti a jikin bango, domin mai ɗaukar kaya da mai kwamfuta su riƙa kiran wurin da suna ɗaya.

Na uku, a raba kaya. Hatsi dabam, magani dabam, barguna da gidan sauro dabam. Kada sabulu ko kananzir su kwana kusa da abinci. A wurin magani da madara, a saita manhajar ta fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. A tsarin Odoo kaya ba sa ɓacewa, sai dai su tashi daga wani wuri zuwa wani. Saboda haka ana bukatar wurin kayan da ke kan hanya, da wurin waɗanda suka lalace. A ce mota ta tashi daga Jos da buhu 200 za ta Yola. Muddin ba a sauke ba, suna nan a rubuce a "kan hanya". In aka ƙirga 197 a Yola, sauran 3 za su tsaya a can suna jiran bayani. In ruwa ya jiƙa wasu, a mai da su wurin lalatattu, kada a share su. Ta haka ma'aji mai gaskiya yakan tsira daga zargi, ikilisiya kuma ta tsira daga tsegumi.

Daga ƙarshe, kada wurare su yi yawa har su gagari ma'aikata. Ƙaramin sito mai ɗaki biyu ba ya bukatar wurare 50. Kowane ƙarshen wata mutum biyu su ƙirga kayan wuri-wuri, su gwada da abin da kwamfuta ta nuna, su sa hannu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar mabukata. Amin.