Bireka a cikin manhaja: abin da ya sa waya ke cewa "a sake gwadawa an jima"

Duk wanda ya saba aika kuɗi ta wayar salula ya san iri biyu na rashin sa'a. Wani lokaci manhajar za ta yi ta juyi har minti guda, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wani lokaci kuma kana latsawa sai ta amsa nan take cewa wannan sashe ba ya aiki yanzu, a sake gwadawa an jima. Jama'a kan ɗora duka biyun a kan rezo, amma na biyun sau da yawa da gangan aka tsara shi, kuma shi ya fi zama alheri ga mai wayar.

Manhajar da ke hannunka ba ita kaɗai take aiki ba. Idan ɗan kasuwa a Garwa zai tura kuɗi Kano, uwar garken kamfanin za ta tambayi wata kwamfutar farashin canjin sefa da naira, ta tambayi ta banki ko asusun yana nan, sannan ta nemi wata ta aika saƙon tabbaci. Kowacce tana wani wuri, kowacce tana iya kasawa. Wadda ta mutu gaba ɗaya ma ta fi sauƙi, domin amsar ƙi tana dawowa da wuri. Mai wahalar ita ce wadda ta yi nauyi, ta karɓi tambaya ta yi shiru.

A ce uwar garke tana da gurabe 200 na kula da buƙatu a lokaci guda, buƙatu 50 kuma suna shigowa kowace daƙiƙa. In komai lafiya, kowace buƙata tana gamawa kafin ƙiftawar ido ta bar gurbi. Amma idan kwamfutar canji ta yi nauyi, kowace buƙata ta tsaya jira na daƙiƙa 30, to cikin daƙiƙa 4 gurabe sun cika. Daga nan wanda ya zo duba ragowar kuɗinsa kawai, wanda babu ruwansa da canji, shi ma ba zai samu shiga ba. Masu waya kuma suna ta sake latsawa, suna ƙara wa mai ciwon kaya.

Maganin an aro shi ne daga masu gyaran wuta. Bireka, wanda ake kira disjoncteur da Faransanci, yana katse wutar lantarki idan kaya sun yi yawa don kada gida ya kama. Michael Nygard ne ya yaɗa wannan dabara tsakanin masu rubuta manhaja a littafinsa Release It! na 2007. Ana saka ɗan shiri tsakanin manhajarka da kwamfutar da take kira, aikinsa ƙirga kiran da ya faɗi.

Yana da hali uku, kuma sunayensu na rikita sabon shiga, saboda na lantarki ne ba na ƙofa ba. Idan aka ce bireka a rufe yake, ana nufin waya a haɗe take, kira na wucewa. Idan faɗuwa ta kai iyakar da aka sa masa sai ya buɗe, wato ya katse: duk kiran da ya zo a mayar da shi nan take ba tare da an taɓa waccan kwamfutar ba. Gurabe ba sa cika, ita kuma ta samu sararin farfaɗowa. Bayan ɗan lokaci sai ya shiga hali na uku, rabi a buɗe, ya bar kira ɗaya ko ƴan kaɗan su wuce don gwaji. In sun dawo lafiya ya rufe, in sun faɗi ya koma ya katse. A nan ya fi na bangon gida, wanda sai mutum ya tashi ya ɗaga shi da hannu.

Kamfanin Netflix ya saki nasa, mai suna Hystrix, ga kowa a 2012. In ba a canza masa saiti ba, sai an yi kira 20 cikin daƙiƙa 10, rabinsu ko fiye sun faɗi, sannan ya katse, ya jira daƙiƙa 5 kafin gwaji. A 2018 kamfanin ya daina ƙara masa sababbin abubuwa, masu aiki da Java da yawa suka koma Resilience4j. Waɗannan alƙaluma sun dace da mai dubban kira a daƙiƙa. Ƙaramin kamfanin da ke samun kira biyar a minti, in ya kwafe su yadda suke, birekansa ba zai taɓa katsewa ba.

Saka birekan ba shi ne mai wuya ba, a ganina. Mai wuyar shi ne yanke shawarar abin da za a nuna wa mutum lokacin da ya katse. Shafin labarai zai iya nuna kanun da ya adana ɗazu, babu wanda ya cutu. Saƙon tabbaci za a iya jera shi a aika daga baya. Amma farashin canji na jiya ba abin da za a yi ciniki da shi yau ba ne, gara a fito fili a ce babu.

Haka kuma sai an zaɓi abin da za a ƙirga. Wanda ya saka lambar sirri ba daidai ba, amsar ƙin da banki ya ba shi alamar lafiyar banki ce, bai kamata ta shiga lissafin faɗuwa ba. Sannan kiran da wa'adinsa ya ƙare babu amsa ba ya nufin kuɗi ba su tafi ba. Wataƙila sun tafi, amsar ce ta ɓace a hanya. Bireka bai san wannan ba. Shi ya sa ake bai wa kowane ciniki lambarsa ta musamman, yadda in an sake aika shi banki zai gane shi, kada a cire wa mutum jika goma sau biyu.