Ko Kun Sani? Dutsen Guga Na Gyara Daɓen Katako

Dutsen guga na iya tayar da lotsawar da ƙafar kujera ko faɗuwar guduma ta bari a daɓen katako. A irin wannan rauni zaren itacen bai tsinke ba, dannewa kawai ya yi. In aka shimfiɗa tsumma mai laima a wurin, aka ɗora dutsen da zafinsa na 'yan daƙiƙu, tururi kan kumbura zaren ya taso. Tsohuwar dabarar kafintoci ce. Sai dai a fara gwadawa a lungu, don zafi kan sa man sheƙin da aka shafa ya yi fari-fari. In kuwa ƙusa ce ta karce itacen, tururi ba ya magani. Sai a cike wurin da kaki mai launin katakon.