Magini da Harsashin Ɗakin Lambu

Duk mai lambu a kewayen madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, ko a fadamun da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, yana bukatar ɗan ɗakin ajiya. A ciki yake kulle injin ban-ruwa da taki da iri da fartanyoyi. Ɗakin bai cika wuce ƙafa goma tsawo da takwas faɗi ba, shi ya sa da yawa ke raina shi. Magina kuwa sun san ƙaramin gini a ƙasar lambu ya fi babban gida a kan tudu wuyar sha'ani, domin ƙasar ba ta rabuwa da danshi.

Aikin magini na farko shi ne duba wuri. Yankin nan ƙasar duwatsu ce, wani wurin diga ba ta nisa take cin karo da fa ko marmara, wannan kuwa alheri ne ga mai gini. Amma a fadama laka ce, tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta ja bango su tsage tare. Don haka gwani yakan bi sawun ruwan watan Agusta, ya ga inda yake kwanciya da inda yake gangarawa, sannan ya zaɓi ɗan tudu nesa da saiwar mangwaro da gidan gara.

Daga nan sai turaku da igiya. Don kusurwa ta daidaita, yakan auna ƙafa uku a gefe guda, huɗu a ɗaya gefen. In tsakaninsu ya ba da biyar, to an dace. Sai lebura ya kwashe baƙar ƙasar sama, wadda ke da amfani ga shuka amma ba ta ɗaukar nauyi, a haƙa har a tarar da mai tauri. A gindin ramin ake zuba kankare: buhun siminti mai kilo 50, wato kwanon sarki biyu, da kwano huɗu na yashi, da takwas na tsakuwa. Yashin rafi ake so, mai kaushi, wanda ba ya ɓata tafin hannu da laka. A kan wannan ake jera bulo mai inci tara, a cike cikinsa, har ya ɗaga sama da ƙasa da kamar ƙafa guda.

Ɗagawar nan ba baƙuwar dabara ba ce. Tun kaka da kakanni manoman Katsina kan duwatsu suke ɗora rumbu, don ruwa ya wuce ta ƙasa, gara da ɓera su rasa hanya. Daɓen tsakar ɗaki ma da burji da makuba ake yinsa kafin siminti ya zo. Kayan aiki ne suka canja.

Wurin cike cikin harsashi ne ake gane mai gaskiya. Ana zuba marmara kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, a ƙara. Wanda ya juye baro goma a lokaci guda ya shafe samansa ya gama da wuri, amma bayan damina ɗaya daɓen zai lotsa. In ciko ya zauna, sai a shimfiɗa leda don tare danshi, domin taki ba ya shiri da laima, sannan a zuba kankare mai kaurin inci huɗu. Mako guda ana ba shi ruwa safe da yamma, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da shi kafin ya ƙosa. Sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa.

Sana'ar a da gado ce, ƙarƙashin Sarkin Magina. Yanzu yaro kan fara da kwaɓa da ɗaukar kwano, ya shekara yana kallon hannun maigidansa kafin a miƙa masa cokalin gini. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ya ƙara wa magina kasuwa, saboda gidajen hayar ɗalibai, har ƙaramin aikin lambu ya zama sai an yi lallashi.

Babbar rigimar magini da mai lambu a kan siminti take. Tsadarsa kan sa mai lambu ya nemi a ja buhu ɗaya ya yi aikin biyu, tunda ba mai ganin abin da aka binne. Maginin kirki yakan ba da shawarar a rage girman ɗakin, ko a yi bangon da tubalin ƙasa ko langa-langa, amma kada a taɓa rabon harsashi. Bango da rufi ana sake su ko yaushe kuɗi suka samu. Harsashi in ya ɓaci, sai rushewa.